DARASIN KASUWANCI: Haɗa Hotunan Majiyyaci Wuri Guda a Na'urar Asibiti

YOLA — A kowace safiya motocin haya daga Mubi da Numan da Ganye da sauran sassan Jihar Adamawa sukan sauke fasinjoji a tashoshin Jimeta, kuma daga cikinsu ba a rasa masu neman magani, wasu riƙe da babban ambulan mai ɗauke da hoton ƙirji ko na ƙashi, wasu kuwa da ɗan faifai a aljihu. Kafin mako ya zagayo, mai yiwuwa ne irin wannan majiyyaci ya ratsa wurare uku: Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jimeta, da wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta, da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda aka kafa a shekarar 1998 a matsayin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Kowane wuri yana da katinsa, yana kuma da irin tasa lambar.

Darasin wannan fitowa ya shafi abin da ke biyo bayan haka, wato yadda ake tattara hotunan mutum guda su zauna cikin fayil guda a na'ura mai ƙwaƙwalwa. Batun ya shafi masu asibitoci da cibiyoyin ɗaukar hoto, da masu niyyar zuba jari a harkar, da dillalan kayan asibiti, har ma da shugabannin kamfanoni masu biyan kuɗin maganin ma'aikatansu, domin kuwa injin ɗaukar hoto kome tsadarsa ba ya mayar da kuɗinsa yadda ya kamata muddin hoton da ya ɗauka ba ya samuwa a lokacin da likita ke nemansa, ko kuma ya samu ƙarƙashin sunan wani mutum dabam.

DAGA FIM ZUWA NA'URA

Tun daga shekarar 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki, a kan fim ake ɗaukar hoton majiyyaci, a wanke shi a ɗaki mai duhu, a saka a ambulan. A wancan tsari haɗa hotuna ba wani aiki ba ne mai wuya: ma'aji ya zaro fim daga wannan ambulan ya zura a wancan. Al'amura sun sauya bayan da aka fara gwada injin CT a kan majiyyaci a birnin Landan a shekarar 1971, domin shi wannan inji da lissafin na'ura mai ƙwaƙwalwa yake gina hotonsa. Kowane kamfani ya riƙa ajiye hotunan ta hanyar da ya ga dama, har ya zamana injin wannan kamfani ba ya karanta hoton wancan.

Don magance wannan matsala ne ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta ƙasar suka fitar da ƙa'ida ta bai ɗaya a shekarar 1985, suka sabunta ta a 1988, sa'an nan a 1993 aka fitar da ita da sunan DICOM, wanda ake amfani da shi har yanzu a duk duniya. Rumbun da ke ajiye hotunan ya kuma aika su ga likitoci shi ake kira PACS. Akwai kuma wata manhaja dabam da ke riƙe da rajistar sashen hoto, wato wane ne ya zo, me aka nema, nawa aka biya, da kuma rahoton da likita ya rubuta. Ita ake kira RIS. Mai saye ya kamata ya san cewa waɗannan abubuwa biyu ne, kuma yawancin rikicin fayil yana tasowa ne a inda ba sa magana da juna.

YADDA NA'URA KE JERA HOTUNA

Ƙa'idar DICOM tana jera bayanai hawa huɗu, kwatankwacin yadda ɗan kasuwa ke tsara littafin bashi. Hawa na farko shi ne majiyyaci, mai suna da lamba da jinsi da ranar haihuwa, kamar shafin abokin ciniki. Na biyu shi ne bincike, wato zuwa guda da aka ɗauki hoto saboda buƙata guda, kamar rasit na rana ɗaya. Na uku shi ne jeri, wato rukunin hotunan da aka ɗauka ta hanya ɗaya cikin wannan bincike, alal misali na kafin a yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi da na bayanta. Na huɗu shi ne hoto ɗaya tilo.

Kowane hoto yana tafe da waɗannan bayanai a cikin jikinsa, kuma kowane bincike da jeri da hoto yana da wata doguwar lamba ta musamman, wadda ba ta wuce gurbi 64 ba, da aka tsara don kada a sami irinta biyu a duniya. Abin lura a nan shi ne na'ura ba ta san fuskar kowa ba. Da lambar majiyyaci take aiki. In lamba ta bambanta, a wurinta mutane biyu ne, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. In lamba ta zo ɗaya, mutum guda ne, ko da ɗaya jariri ne ɗaya dattijo.

ABIN DA KE RABA FAYIL

Sanadi na farko shi ne rubutun suna. A Adamawa, inda ake jin Fulatanci da Hausa da Bachama da Kilba da Margi da Chamba da wasu harsuna masu yawa, suna guda yakan zo ta fuskoki da dama. Muhammadu yakan zama Mohammed ko Mamman ko Hamman. Abubakar yakan zama Buba ko Garba ko Bakari. A'ishatu takan zama Aisha ko Shatu ko Indo. Yau majiyyaci ya ba da sunan mahaifi, gobe ya ba da sunan gari, matar aure kuma wani lokaci a rubuta ta da sunan miji.

Na biyu shi ne ranar haihuwa. Dattawa da yawa kintace suke yi, magatakarda kuma ya cike gurbin da 1 ga Janairu, ta yadda ranar da ya kamata ta bambanta mutane sai ta zama ita ce ke haɗa su.

Na uku shi ne gaggawa. Wanda aka kawo daga haɗarin mota a sume ba a jiran sunansa kafin a ɗauki hoton kansa. Lambar wucin gadi ake ba shi, kuma in ba a koma an gyara ba bayan danginsa sun iso, hoton ya zama maraya a cikin rumbu.

Na huɗu shi ne buga suna da hannu a jikin injin. Duk inda ma'aikacin hoto zai sake rubuta suna da lamba daga takarda, akwai ƙofar kuskure. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, aka tayar da inji aka sake shigar da majiyyacin, bincike guda yakan rabu gida biyu.

Na biyar shi ne faifan da aka zo da shi daga wani wuri, ko daga Gombe ko Kano ko Abuja, ko ma Garwa ta ƙasar Kamaru. Yana ɗauke da lambar asibitin da ya fito, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar wannan lamba ta yi daidai da ta wani majiyyaci dabam a asibitin da aka kawo shi.

HAƊI IRI UKU

Wajibi ne mai cibiya ya bambanta ayyuka uku da ma'aikata kan kira da suna ɗaya. Na farko shi ne haɗa majiyyaci: mutum guda ne mai lamba biyu, sai a zaɓi lamba ɗaya ta zauna, a mayar da duk binciken ɗayar ƙarƙashinta. Binciken ba sa narkewa cikin juna; hoton bara yana nan da kwanan watansa, na bana ma haka, illa dai yanzu likita yana ganinsu a shafi ɗaya. A asibitin da aka tsara sosai, daga ofishin kati ake yin wannan gyara, saƙo ya tafi da kansa zuwa rumbun hoto ta hanyar ƙa'idar musayar bayanan asibiti da ake kira HL7, wadda aka faro a shekarar 1987.

Na biyu shi ne haɗa bincike: aiki guda ne ya rabu, kamar misalin ɗaukewar wuta, sai a kwashe jerin hotunan ɗaya a zuba cikin ɗayan. Wannan ya fi na farko nauyi, domin manhaja tana sake rubuta bayanan da ke jikin kowane hoto, kuma wasu manhajojin sukan share na asali idan ba a umarce su da su ajiye shi ba.

Na uku shi ne shigar da hoton waje: a karɓi faifai, a sauya lambar asibitin da ya fito da lambar gida, amma a ajiye shaidar inda aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka. Wata haɗakar likitocin hoto da masana na'urar asibiti mai suna IHE, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1998, ta tsara hanyoyin yin wannan aiki da kuma gyaran sunan wanda aka ɗauka a sume, kuma manyan kamfanoni sukan bayyana ko kayansu sun bi waɗannan hanyoyi.

GARIN NEMAN GIRA

Rabuwar fayil asara ce, amma haɗi bisa kuskure ya fi ta muni. A ɗauka mutane biyu masu suna iri ɗaya, duka an rubuta musu 1 ga Janairu, ɗaya yana da ƙari a hanta, ɗayan kuwa lafiyarsa lau. Idan magatakarda ya haɗa su don ya ga sunan ya yi kama, mai lafiya na iya fuskantar magani ko tiyatar da ba ya buƙata, mai ciwo kuma a sallame shi. Fayil biyu na mutum guda likita mai lura zai iya gano su. Fayil guda na mutum biyu kuwa ba ya nuna alamar kome, shi ya sa yakan daɗe ba a farga ba. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Akwai kuma wasu tarkuna biyu. Hotunan sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, sau da yawa sunan majiyyaci a cikin hoton kansa yake a rubuce, don haka sauya bayanan fayil ba ya goge shi. Sa'an nan rahoton likita yawanci a manhajar rajista yake zaune, an ɗaure shi da lambar buƙatar aikin. In aka matsar da hotuna ba a matsar da rahoton ba, sai a sami hoto babu bayani, ko bayani babu hoto.

ƘA'IDOJIN AIKI

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji shida waɗanda kowace cibiya, babba ko ƙarama, za ta iya bi.

1. Kada a haɗa fayil bisa suna kaɗai. A tabbatar da aƙalla shaida uku, kamar cikakken suna, da shekaru da jinsi, da lambar waya ko sunan makusanci ko Lambar Shaidar Ɗan Ƙasa mai alƙaluma 11 ga wanda yake da ita.

2. A taƙaita ikon haɗawa ga mutum ɗaya ko biyu, kowa da kalmar sirrinsa. Wanda ya nemi a haɗa dabam, wanda ya amince dabam, kamar yadda banki ba ya barin mai rubuta takardar biya ya zama shi ne mai amincewa da ita.

3. A buɗe hotunan a duba da ido kafin a haɗa. Tsohuwar karaya, ko ƙarfen da aka dasa a ƙashi, ko girman jiki, sukan tona abin da takarda ta ɓoye. Idan da shakka, a tambayi majiyyacin. In shakka ba ta gushe ba, a bar fayilolin a rabe tare da alamar gargaɗi.

4. A ajiye kwafin asali kafin kowane haɗi, kuma manhaja ta riƙa rubuta wanda ya yi, da ranar, da dalili.

5. A sanar da likitan da ke kula da majiyyacin duk lokacin da aka gyara fayil ɗin da ya riga ya karanta.

6. A toshe ɓarakar tun daga tushe. Ƙa'idar DICOM ta tanadi jerin aiki, wanda ke aika suna da lamba kai tsaye daga teburin rajista zuwa injin, ma'aikaci ya zaɓa kawai ba tare da ya buga kome ba. Babu matakin da ya kai wannan rage rikicin fayil.

LISSAFIN RIBA DA ASARA

Mai yiwuwa wani ɗan kasuwa ya ce maimaita hoto ai ƙarin ciniki ne ga cibiya. Wannan lissafin gajere ne. Majiyyacin da ya taso daga Mubi, tafiyar kimanin kilomita 200, ya biya kuɗin mota da masauki, sa'an nan aka ce ba a ga hotonsa na watan jiya ba, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa likitan da ya turo shi. A wannan sana'a likitoci masu turo majiyyata su ne kasuwar, kuma abin da suke so shi ne a kwatanta musu hoton yau da na baya, a gaya musu ko ciwo ya ƙaru ko ya ragu.

Bugu da ƙari, kowane maimaici yana cin inji. Kwan da ke fitar da hasken CT yana da iyakar aikin da zai yi kafin a sauya shi, daga ƙasashen waje ake sayo shi da kuɗin musaya, wanda ya ƙara tsada tun bayan sakin darajar Naira a watan Yunin 2023. Ga kuɗin man janareta, ga lokacin ma'aikata. Shi ma majiyyaci yana biyan wani farashi da ba a rubuta a rasit: hoton ƙirji na yau da kullum yana ba jiki kimanin milisibat 0.1 na tururin haske, CT na ciki kuwa yakan kai kimanin 8, alhali abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda, a matsakaicin lissafin duniya, kimanin 2.4 ne.

Ajiya kuwa ba ita ce mai tsada ba. Yanka ɗaya na hoton CT yana cin kimanin rabin megabait. Idan bincike yana da yanka 400, ya kama megabait 200. Cibiyar da ke yin goma a rana har kwana 300 za ta tara kimanin gigabait 600 a shekara, abin da faifan ajiya guda na kasuwa zai ɗauke. Ita ma manhaja akwai ta kyauta, kamar Orthanc, wadda aka fara fitarwa a shekarar 2012 daga asibitin jami'ar birnin Liège na ƙasar Beljiyam, kuma tana iya haɗa bincike da raba shi. Sai dai kyautar ta tsaya ne ga manhajar. Kafa ta, da ajiye kwafi na biyu a wani gini dabam, da batirin da zai riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, da horar da ma'aikata, duk sai an ware musu kuɗi.

Har ila yau, tun da dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, cibiyoyi suna ƙara dogaro da biyan da ke zuwa bayan an gabatar da takardun neman kuɗi. Takardar da sunanta ko lambarta ba su dace da na rajistar mai inshora ba tana iya makalewa, kuɗin cibiya kuma ya kwanta.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta ɗora wa shugaban kowace cibiyar lafiya alhakin buɗe wa kowane majiyyaci fayil da kiyaye sirrinsa, da hana wanda ba shi da izini isa gare shi, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga mai gurɓata fayil ko sauya shi ba da izini ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin masu buƙatar kariya ta musamman, ta ba mutum ikon neman a gyara bayanansa in an yi kuskure, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin sa'o'i 72 idan aka sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Tararta ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Miƙa wa majiyyaci faifai mai ɗauke da hoton wani, sakamakon haɗi bisa kuskure, fallasa sirrin wancan ne.

TAMBAYOYI GA DILLALI

Kafin a sa hannu a kan takardar sayen inji ko manhaja, ya dace mai saye ya nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce. Shin injin yana da takardar shaidar bin ƙa'idar DICOM, wadda kowane kamfani na ƙwarai ke bugawa? Shin jerin aiki da aika hoto zuwa rumbu suna cikin farashin, ko kuwa lasisi ne da za a biya dabam? Wannan tambaya ta fi muhimmanci ga masu sayen injin da aka riga aka yi amfani da shi a ƙasashen waje. Shin manhajar tana iya warware haɗin da aka yi bisa kuskure? Shin tana ajiye tarihin wanda ya taɓa fayil? Shin rahoto yana bin hoto idan an matsar da shi? Idan aka rabu da kamfanin, za a iya kwashe dukan hotuna a tsarin DICOM ba tare da biyan wani kuɗi ba? Kuma injiniyan da zai zo gyara, a Yola yake, ko sai an jira shi daga Abuja ko Legas?

A taƙaice, aikin haɗa hotuna ba a ɗakin inji yake farawa ba, a teburin rajista yake farawa, wurin magatakardan da sau da yawa shi ne mafi ƙarancin albashi a cibiyar. Mai jarin da ya kashe miliyoyi a kan inji zai kyauta wa kansa idan ya horar da wannan ma'aikaci ya riƙa tambayar kowane mai shigowa ko ya taɓa zuwa, ya nemi tsohon katinsa, ya kuma bincika na'ura da kowace fuskar sunan kafin ya buɗe sabuwar lamba. Minti biyun da za a ɓata a nan sun fi sauƙi a kan kwanakin da za a shafe ana warware fayil ɗin da ya cakuɗe.